Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗin Lantarki Tun Kafin a Zana Allo

A shekarar 2021, injiniyoyi da yawa a faɗin duniya sun kammala zanen na'urorinsu, sun gwada sun ga suna aiki, amma suka kasa ƙera ko da guda ɗari, saboda aisi ɗaya tak, wato ƙaramin guntun nan mai ƙafafu da ke ɗauke da da'irar lantarki a cikinsa, wanda suka ɗora dukan zanen a kansa, ya ɓace daga kasuwa. Dillalai sun riƙa sanar da masu saye cewa sai sun jira mako 52 kafin a kawo musu wasu nau'o'in STM32, aisin da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura, na kamfanin STMicroelectronics, kuma manyan kamfanonin ƙera motoci da kansu sun dakatar da aiki a wasu masana'antunsu. Annobar korona ce ta fara hargitsa lissafin, sai guguwar sanyi ta watan Fabrairun 2021 ta rufe masana'antun aisi na Samsung da NXP da Infineon a birnin Austin na jihar Texas, sannan a watan Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Naka a ƙasar Japan. Waɗanda suka fi shan wahala a lokacin su ne waɗanda suka zaɓi kaya don kawai shi ne ya fara zuwa hannunsu, ba tare da sun tambayi kansu ko za su same shi bayan shekara biyu ba.

Abin da ake nufi da kayan haɗi a nan shi ne ƙananan sassan da ake liƙawa a kan allon da'ira, wanda masu gyara ke kira bod ko fanel: resista, kafasita, dayod, tiransista, aisi iri-iri, da soket-soket da wayoyi ke shiga. Canja ɗaya daga cikinsu a makon farko na aiki bai wuce goge layi a takarda ba. Bayan an buga allo, an rubuta manhaja, an yi wa na'urar gida na roba daidai da girmanta, canjin nan zai ci watanni da kuɗi masu yawa. Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, za mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe: ƙaramar na'ura da za a ɗora kusa da tankin ruwa na rijiyar burtsatse, tana auna yawan ruwa, tana kunna famfo ko kashe shi, tana aika saƙo ta layin waya, kuma wutarta daga farantin sola da batir mai bolt 12 take fitowa.

Mataki na farko: rubuta inda na'urar za ta zauna

Kafin ka buɗe shafin kowane dillali, ka ɗauki takarda ka rubuta yanayin da na'urar za ta rayu a cikinsa, kuma ka rubuta shi da lambobi. Zafi nawa ne mafi tsanani, wuta mafi yawa da mafi ƙaranci da za ta shigo nawa ce, shekara nawa ake so ta yi tana aiki, guda nawa za a ƙera a shekarar farko, kuma wa zai gyara ta idan ta lalace. A misalinmu, zafin watan Afrilu a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma akwatin da ke rufe a cikin rana ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba, don haka mai hankali zai yi lissafinsa da digiri 65 zuwa 70 a cikin akwatin. Wannan lamba ita kaɗai ta isa ta fitar da kaya da yawa daga jerin zaɓi, domin kayan da aka yi wa ajin kasuwanci an ba da tabbacin aikinsu ne daga digiri 0 zuwa 70 kawai, ajin masana'antu kuwa daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85, sai wasu na motoci da ke kaiwa 125.

Haka batun wuta yake. Batirin da aka rubuta wa bolt 12 yakan kai 14.4 a lokacin caji, kuma farantin solar da ake kira na bolt 12 yakan ba da sama da bolt 20 idan babu abin da ke jan wuta daga gare shi, wato abin da zai faru kenan ranar da wani ya cire batir ya bar farantin a haɗe. Sai a ƙara da ƙurar hunturu, da danshin damina, da tsawa da ke bi ta doguwar wayar da ta taso daga famfo. Duk abin da ba a rubuta a wannan takarda ba, to da wuya a tuna da shi a lokacin zaɓe.

Mataki na biyu: fara da kayan da ba sa canjuwa cikin sauƙi

Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne su ba kowane kaya lokaci iri ɗaya. Resista mai om 10,000 kamfanoni da dama ne ke yin ta a girma ɗaya, idan wannan ta ƙare waccan za ta zauna a gurbinta ba tare da an taɓa komai ba. Ƙwaƙwalwar na'urar kuwa, wato maikirokwantirola, da guntun da ke magana da layin waya, da firikwensin da ke auna ruwa, da aisin da ke daidaita wuta, kowannensu yana da tsarin ƙafafu nasa da manhaja tasa. Waɗannan huɗu ko biyar ɗin ne za su ci kashi mafi yawa na bincikenka, kuma su ne za ka tabbatar da samuwarsu kafin ka ja layin farko na zane.

Guntun layin waya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne tarko mafi ɓoyuwa yake. SIM800L yana da arha, yana ko'ina, kuma darussan amfani da shi sun cika intanet, amma da layin 2G kaɗai yake aiki. Kamfanin Telstra na Ostareliya ya rufe nasa 2G a 2016, AT&T na Amurka da kamfanonin Singafo suka bi a 2017, kuma wasu ƙasashe suna kan wannan hanya. Na'urar da ake so ta yi shekara takwas a kan tanki ba ta dace a ɗaure ta ga layin da ba a san ranar da za a kashe shi ba, sai dai idan an tsara allon yadda za a iya cire guntun a sa na 4G ba tare da sake komai ba. Ban da wannan, SIM800L yana aiki ne tsakanin bolt 3.4 da 4.4, kuma a lokacin da yake aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 na ɗan ƙanƙanin lokaci. Wanda bai san haka ba zai zaɓi ƙaramin aisin daidaita wuta, sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi duk lokacin da za ta yi magana, shi kuma ya kwashe makonni yana neman laifi a cikin manhaja.

Mataki na uku: bincika shekarun da suka rage wa kayan

Kowane kaya yana da matsayi da kamfaninsa ya ba shi, kuma manyan dillalai irin su Digi-Key da Mouser da Farnell da LCSC suna nuna shi a shafin kayan. Akwai wanda ake ci gaba da ƙerawa, akwai wanda aka yi wa alamar NRND, ma'ana har yanzu ana sayarwa amma kamfanin ba ya so a sa shi a sabon zane, akwai wanda aka buɗe wa sayen ƙarshe, sannan akwai wanda aka daina gaba ɗaya. Alamar NRND sallama ce cikin ladabi, kuma bai kamata kayan da ke ɗauke da ita ya shiga sabon aiki ba komai arharsa. A ƙa'idar da JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idoji ga masu ƙera aisi, ta shimfiɗa, kamfanin da zai daina ƙera kaya yakan ba da wata 6 na karɓar odar ƙarshe da wata 12 na kammala aikawa, wanda ga ƙaramin kamfani lokaci ne ƙalilan ƙwarai, musamman idan bai yi rajistar karɓar irin waɗannan sanarwa daga dillalinsa ba.

Tsufan kaya shi kaɗai ba aibi ba ne. Aisin 555 ya fito kasuwa tun 1972 kuma har yau kamfanoni da yawa suna yin sa, Z80 na kamfanin Zilog kuwa ya fito a 1976 kuma sai a 2024 aka sanar da daina ƙera ainihin nau'insa. A gefe guda, aisin da aka yi musamman don wayoyin hannu yana iya ɓacewa cikin shekaru kaɗan, domin kasuwar da aka yi shi dominta ta wuce gaba. Abin dubawa shi ne su wa ke sayen kayan da yawa, kuma kamfaninsa ya yi alkawarin wani wa'adi ko bai yi ba. STMicroelectronics yana da alkawarin shekara 10 a kan yawancin STM32, NXP kuma yana da na shekara 10 ko 15 a kan wasu kayansa. Sabon kayan da aka sanar jiya ma yana da nasa haɗarin, domin sau da yawa sai ka ga takardunsa sun fito amma shi kansa babu shi a rumbun kowa.

Daga nan sai ka duba yawan da ke ajiye. Shafuka irin su Octopart da Findchips suna tattara abin da ke hannun dillalai daban-daban a wuri guda. Kayan da ke hannun dillalai huɗu ko biyar da dubbai ya fi kwanciyar hankali a kan wanda dillali ɗaya ne ke da guda 300 nasa, ko da na biyun ya fi kyau a takarda. Ka duba yau, ka sake dubawa bayan mako biyu ko uku, domin yadda lambar ke sauka da hawa ya fi lambar kanta ba da labari.

Mataki na huɗu: karanta takardar bayanin kaya daga ciki

Shafin farko na takardar bayanin kaya talla ne, kuma sashen kasuwanci ne ke da bakin magana a kansa. Gaskiyar kayan tana cikin jadawalai da zane-zanen da ke tsakiya, da ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsu. Abu na farko da ya kamata a bambance shi ne jadawalin iyakar ƙarshe da jadawalin yanayin aiki. Iyakar ƙarshe tana gaya maka inda kayan zai fara lalacewa ne, ba inda zai yi aiki lafiya ba. AMS1117, aisin daidaita wuta da ke kan alluna marasa adadi, iyakarsa ta ƙarshe a takardar kamfanin da ya fara yin sa bolt 15 ce, don haka batirin da ke kai 14.4 ya riga ya tsaya a bakin rami, farantin sola mai bolt 20 kuwa zai kashe shi nan take. Abu na biyu shi ne bambancin lambar da aka saba samu da lambar da aka ba da tabbaci a kanta. Idan jadawali ya nuna ginshiƙi uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, na tsakiyan ba alkawari ba ne. Zane mai inganci da mafi munin lambobin gefe ake yin sa.

Ɗauki batun zafin aisin daidaita wuta, wanda lissafinsa bai wuce minti biyu ba amma ake yawan tsallake shi. A ce ka zaɓi 7805 don ya sauke bolt 14.4 zuwa 5, kuma na'urar tana jan amfiya 0.3. Bambancin bolt 9.4 ne, idan aka ninka da 0.3 za a sami wat 2.82, kuma duk wannan zafi zai zama. Takardun wasu kamfanoni sun nuna cewa jikin TO-220, irin wanda 7805 ke zuwa a ciki, da ba a ɗaura wa ƙarfen sanyaya ba yana ƙara kimanin digiri 65 a kan kowane wat, wato ƙarin sama da digiri 180 a kan zafin akwatin. Aisin zai kashe kansa tun kafin ya kai nan, ga kuma kusan kashi biyu cikin uku na wutar batir da ke tafiya a banza. Wannan lissafi ne ke nuna cewa aikin yana buƙatar mai sauke wuta ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri, irin LM2596 da ke ɗaukar har bolt 40, ba irin 7805 ba.

Tiransistar MOSFET da za ta kunna rile na famfo, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, tana da nata tarko. Mutum zai ga an rubuta cewa ƙofarta, wato ƙafar da ake kunna ta da ita, tana fara buɗewa a bolt 2 zuwa 4, sai ya ɗauka ƙwaƙwalwa mai bolt 3.3 za ta iya tuƙa ta. Wannan lamba tana nuna inda wuta ƙalilan ta fara ɗigowa ne kawai. Lambar da ta dace a duba ita ce ƙarfin wutar ƙofa da aka yi amfani da shi wajen auna juriyar tiransistar a buɗe. IRF540N a bolt 10 aka auna ta, don haka da bolt 3.3 ba za ta buɗe sosai ba, za ta yi zafi ko ta ƙi aiki, alhali ƙarama irin AO3400 an ba da lambarta har a bolt 2.5.

Kafasita ita ce kayan da aka fi raina, kuma a ganina ita ce ta fi kowa kashe na'urori a ƙasa mai zafi. Mai ruwa a ciki, wadda ke kama da ƙaramin gwangwani, ana rubuta mata awoyin rayuwa a wani zafi, misali awa 2,000 a digiri 105, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce rayuwar tana ninkuwa biyu duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10. A akwatinmu mai digiri 65, wannan kafasita za ta yi kimanin awa 32,000, wato shekara uku da 'yan watanni idan zafin bai sauka ba. 'Yar'uwarta mai awa 2,000 a digiri 85, wadda a ido ba ta da bambanci da ita kuma ta fi ta arha da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, awa 8,000 kawai za ta yi, ba ta cika shekara ba. Gaskiya ne dare da damina suna sassauta zafin, amma tazarar da ke tsakanin biyun tana nan ninki huɗu. Wanda ya taɓa buɗe tsohuwar inbata ko talabijin ya ga kafasitoci sun kumbura ya ga wannan lissafi da idonsa.

Kafasitar yumbu, ƙaramar nan mai launin ƙasa, ba ta bushewa, amma tana da wata ɗabi'a da shafin farko ba ya faɗa. Nau'o'in X5R da X7R suna rasa ƙarfinsu idan aka ɗora musu wuta, har ta kai ƙaramar kafasita mai maikirofarad 10 da aka rubuta wa bolt 6.3 tana iya rasa rabin ƙarfinta ko fiye a kan layin bolt 5. Maganin shi ne a duba zanen da kamfanoni irin su Murata da TDK ke bayarwa na kowace lamba, a ɗauki mai bolt mafi yawa ko jiki mafi girma. Nau'in Y5V a guje shi a duk inda ƙimar ke da muhimmanci, domin zafi kaɗai yana iya cinye kashi 82 cikin ɗari na ƙarfinsa, inda kuma ake buƙatar ƙima tsayayya, kamar kusa da kiristal, C0G ake sawa.

Kafin ka rufe takardun ƙwaƙwalwar da ka zaɓa, ka nemi takardar kurakuranta, wadda kamfanoni ke fitarwa daban, inda suke lissafa abubuwan da ba sa aiki yadda aka yi alkawari. Ka kuma nemi ƙuntatawar da ke ɓoye a cikin babban littafinta. A ƙwaƙwalwar ESP32 ta asali, alal misali, rukuni na biyu na ƙafafun auna wuta ba ya amfanuwa a lokacin da Wi-Fi ke aiki, kuma wanda ya haɗa firikwensin ruwansa a ɗaya daga cikin waɗannan ƙafafu sai ya sake buga allo.

Mataki na biyar: dubi jikin kayan da hannun da zai liƙa shi

Aisi ɗaya yakan zo a jiki uku ko huɗu, kuma haruffan ƙarshen lambarsa ne ke nuna wanne ne, don haka a rubuta lambar kaya cikakkiya har harafin ƙarshe. Idan da hannu za a liƙa samfurin farko, ko kuma ana so mai gyara a gari ya iya canja abin da ya ƙone, jiki mai ƙafafu a waje irin SOIC da TQFP, da resistoci masu girman 0805 ko 0603, sun fi dacewa. QFN yana buƙatar iska mai zafi da gwaninta, BGA kuwa ƙafafunsa suna ƙarƙashinsa inda ido ba ya gani, yana buƙatar allo mai hawa da yawa da na'urar haska ciki don a tabbatar da liƙin. Akwai kuma ruɗanin awo: 0603 a lissafin inci shi ne 1608 a lissafin milimita, amma 0603 na milimita shi ne 0201 na inci, ƙwayar da da ƙyar ake ganinta.

Kada a ɗauka cewa kaya biyu masu jiki ɗaya ƙafafunsu ɗaya ne. 2N3904 da BC547 duk tiransistoci ne masu jikin TO-92 kuma aikinsu kusan ɗaya, amma jerin ƙafafunsu a juye yake. Hanya mafi sauƙi ta kama irin wannan kuskure ita ce a buga zanen allon a takarda daidai girmansa, a ɗora ainihin kayan a kai ɗaya bayan ɗaya kafin a aika wa masu buga allo. Wasu aisi kuma suna shan danshi idan aka buɗe ledarsu, masu mataki na 3 a ma'aunin shan danshi awa 168 kawai aka ba su a waje kafin a gasa su a tandar liƙi, in ba haka ba danshin zai fasa jikinsu a cikin tanda.

Mataki na shida: tanadi madadi tun yanzu

Ga kowane kaya mai muhimmanci, ka rubuta na biyu da zai iya zama a gurbinsa, kuma ka gwada shi a zahiri. Inda zai yiwu, ka fifita kayan da kamfanoni da yawa ke yi a tsari ɗaya, irin aisin ƙara ƙarfin sigina na LM358. Inda babu, ka bar gurbi biyu a allon, ko ka ware sashen a kan ƙaramin allo mai cirewa, kamar yadda aka faɗa game da guntun layin waya. A lokacin ƙarancin 2021 mutane da yawa sun koma GD32F103 na kamfanin GigaDevice a madadin STM32F103 saboda ƙafafunsu sun yi daidai, amma daidaiton ƙafa bai tabbatar da daidaiton hali ba, kuma akwai bambance-bambance a saurin aiki da lokutan ciki da ke sa dole a sake gwada manhaja daga farko. Rubuta manhaja yadda sashen da ke taɓa aisi kai tsaye ya keɓe daga sauran yana rage wahalar irin wannan ƙaura sosai.

Mataki na bakwai: san hannun da kake saye

Jabun kaya ba matsalar ƙananan masu ƙira kaɗai ba ce. Rahoton da kwamitin harkokin soja na majalisar dattawan Amurka ya fitar a 2012 ya gano lamura kimanin 1,800 da suka shafi kayan da ake zargin jabu ne sama da miliyan ɗaya a cikin kayan sojan ƙasar. A watan Oktoban 2014 kuma kamfanin FTDI ya fitar da manhajar da ta riƙa sa jabun aisinsa na FT232R su daina aiki a kwamfuta, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba su ma san jabu suka saya ba. Ƙananan allunan LM2596 masu arha da ke yawo a kasuwa ma sau da yawa idan aka auna saurin kunnawarsu sai a ga kusan kilohaz 50 maimakon 150 da ainihin aisin ke yi, alamar cewa wani abu ne daban aka buga wa sunan. Batirin 18650 da aka rubuta wa 9,900mAh kuwa ba ya buƙatar awo, tunda na ƙwarai daga manyan kamfanoni a wajen 3,500 suke tsayawa.

Kasuwar Huaqiangbei ta birnin Shenzhen, da Alaba ta Legas, da shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, duk suna da amfani ga gwajin gaggawa da kayan yau da kullum, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana a cikinsu. Matsalar ita ce mai shagon kansa sau da yawa bai san hannu nawa kayan ya ratsa kafin ya iso gare shi ba. Don haka aisi mai muhimmanci, da tiransistar da ke ɗaukar wuta mai yawa, da kafasita mai ruwa, a saye su daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, wanda sunansa ke cikin jerin da ke shafin kamfanin. Idan dole ta sa aka saya a wani wuri, a ɗauki kaɗan a gwada, a goga rubutun jikin da auduga mai asiton a ga ko zai fita, a duba ƙafafun ko akwai alamar tsohuwar dalma, a kuma kwatanta lambobin kwanan wata na cikin leda ɗaya.

Mataki na takwas: lissafa farashi a yawan da za ka ƙera

Farashin guda ɗaya ba shi ne farashin guda dubu ba, kuma kayan da ya fi arha a guda goma yana iya zama mafi tsada a dubu. Ka duba mafi ƙarancin adadin da ake sayarwa, domin resistocin 0603 a naɗi mai guda 5,000 suke zuwa, wasu aisi kuma ba a fasa naɗinsu. Rage yawan nau'o'i yana rage kuɗi: idan wuri uku suna buƙatar om 9,100 da 10,000 da 11,000 kuma zanen zai jure, a mayar da su duka 10,000. Masu haɗa allo irin JLCPCB suna cajin ƙarin kuɗi a kan kowane nau'in da ba ya cikin kayan da ke ɗore a injinansu kullum. A ƙara da kuɗin jigila da na kwastan da canjin dala. Na'urar da ke amfani da layin waya ko rediyo tana buƙatar amincewar hukumar sadarwa, wato NCC a Nijeriya, kuma guntun da ya riga ya sami takardun gwaji na FCC na Amurka ko CE na Turai yana sauƙaƙa wannan hanya fiye da rediyon da mutum ya zana da kansa.

Mataki na tara: gwada da wuri, sannan ka kulle jerin

Sayi allon gwaji na kowane aisi mai muhimmanci ka haɗa su da wayoyi a kan tebur tun kafin zanen allo ya kammala. Sa na'urar ta aika saƙo sau ɗari a jere kana kallon layin wuta a na'urar awo, ka sauke wutar zuwa bolt 11 ka ɗaga ta zuwa 15, ka cire batir ka bar farantin sola shi kaɗai, sannan ka rufe ta a akwatinta ka ajiye a rana tsaka da ma'aunin zafi a ciki har kwana uku. Bayan haka sai ka rubuta jerin kayan ƙarshe, kowane layi da cikakkiyar lambar kamfani, da madadin da aka gwada, da dillali, da ranar da aka duba samuwarsa, da gajeren dalilin zaɓensa, domin wanda zai gaje aikin bayan shekara biyu ya san cewa kafasitar digiri 105 ba don ado aka sa ta ba. A ranar da za ka aika zanen ga masu buga allo, ka sake duba rumbun dillalai, ka sayi aisin nan huɗu ko biyar da ba sa canjuwa daidai yawan zagayen farko na ƙira da ƙarin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda waɗanda za su lalace wajen liƙi, ka ajiye su a cikin ledarsu a rufe, a wuri busasshe, har allunan su iso.